Wa Ke Koyar da Malamin Badujala?

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a taron ƙara wa juna sani na malaman da ke kula da badujalar makarantu.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan uwana malamai maza da mata, barkanmu da warhaka. Na ga wasu tun daga nesa suka taso da asuba, Allah ya saka da alheri.

Na san yadda yawancinmu muka tsinci kanmu a wannan aiki. Ba wanda aka ɗauka tun farko da sunan malamin kiɗa. Wani lissafi yake koyarwa, wata malamar wasanni ce, sai rana ɗaya shugaban makaranta ya kira ka ofis ya ce, "Malam, an ce ka yi sikawut kana yaro, ga makullin sito, Ranar Yara ta matso." Ka buɗe sito ka tarar da ganguna huɗu, biyu fatarsu ta fashe, da begila uku da suka yi kore saboda ajiya. Sai a nemo wani tsohon soja ko ɗan sanda mai ritaya ya zo ya yi mako biyu yana horar da yara a rana. Ranar 27 ga Mayu a yi fareti, a tafa, a ɗauki hoto, a mayar da kaya sito har 1 ga Oktoba ta kawo kai. Ni ma haka na fara, kuma na yi shekaru ina maimaita kiɗa uku kacal, domin su kaɗai aka koya mini. Yaran da suka shigo hannuna da basira, wasunsu sun fi ni kunne nesa ba kusa ba, sun fita da waɗannan ukun. Har yau abin yana damuna, shi ya sa na amsa gayyatar nan.

Idan ana maganar gyara badujala, abin da kowa ke fara kawowa shi ne kuɗin kaya. Gaskiya ne muna bukatar kaya. Amma na ga makarantar da wani bawan Allah ya saya wa kayan busa sababbi fil, kafin shekara biyu rabinsu sun lalace, ragowar kuma ana busa su ba daɗin ji. Ba a tambayi wanda zai koyar ba ko shi an taɓa koya masa. Tambayar da na zo da ita ke nan: wa ke koyar da malamin?

Bari in ɗauke ku zuwa Amurka. Ba komai nasu ne ya dace da mu ba, zan ma faɗi inda suka yi tuntuɓe, amma sun zurfafa a harkar badujalar makaranta, kuma farkonsu ya yi kama da namu ƙwarai. Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, sojojin da suka yi kiɗa da busa a rundunoni suka dawo gida suna neman abin yi, makarantu suka kwashi da dama daga cikinsu. Kun ga tsohon sojan namu ke nan. Kamfanonin ƙera kayan busa kuma suna neman kasuwa, sai a 1923 suka ɗauki nauyin wata gasa a Shikago, makarantu wajen 30 suka shiga. Daga 1926 gasar ta zama ta ƙasa baki ɗaya.

A wannan lokacin ne wani saurayi mai suna William Revelli, ɗan wasu 'yan ci-rani daga Italiya, ya samu aikin koyarwa a Hobart, wani ƙaramin gari a jihar Indiyana, a 1925. Shi gogen Turawa ya koya tun yana yaro, kayan busa ba fanninsa ba ne. Makarantar ba ta da badujala, ba ta kuma ware mata kuɗi ba. Ku saurari abin da ya yi. Ya riƙa zuwa Shikago wajen ƙwararrun mabusa na babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin, yana zama gabansu a matsayin ɗalibi, yana koyon kayan busa ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya koya wa yaransa abin da ya samo. Malami ne, ana ce masa malam a garinsu, amma bai ji kunyar a ce masa "ba haka ake riƙewa ba". Cikin shekara goma badujalar wannan ƙaramin gari ta ci gasar ƙasa sau da dama. A 1935 Jami'ar Mishigan ta ɗauke shi, ya riƙe badujalarta har 1971, a 1961 ma ya fita da ita rangadi Tarayyar Sobiyet da Masar da wasu ƙasashe. Shi ne kuma ya kafa ƙungiyar shugabannin badujalar jami'o'i a 1941. Duk wannan ɗaukaka, tushenta waccan zirga-zirga ce ta neman sani. Gemu ba ya hana ilimi, mu muka faɗa, shi ya aikata.

To amma ba kowa ne ke kusa da Shikago ba, kuma ba kowa ke da zuciyar Revelli ba. Abin da ya ɗaga sauran malamai shi ne haɗuwa. Ranar 7 ga Disamba, 1946, malaman badujala kimanin 120 suka taru a wani ɗakin wasanni a Shikago, zaman awa shida. Mutum uku suka shirya shi: mai buga littattafan kiɗa, da mai sayar da kayan busa, da wani malamin kwalejin kiɗa ta VanderCook. Manufar ba ta da yawa, a ji sababbin kaɗe-kaɗen da aka rubuta, a tattauna yadda za a koyar da su. Wannan zama shi ne ya zama Midwest Clinic, wanda ake yi kowane Disamba, dubban malamai daga ƙasashe da dama suna halarta. Ku lura da sunan da suka ba shi, kilinik, wato wurin da ake kai ciwo a duba. Malami yana zuwa ne da matsalarsa: yarana suna gudu da kiɗa, masu kilarinet suna ƙara kamar ƙyauren da ba mai, na kasa sa masu ganga su rage ƙarfi. A kawo badujalar wata makaranta a zaunar a gaban jama'a, ƙwararre ya yi atisaye da ita kowa na kallo, a ga yadda ya gano kuskure da yadda ya gyara. Ku ƙirga mu a ɗakin nan. Ba mu yi nisa da 120 ba, kuma mu ma awa shida aka ba mu.

Jihar Tekzas ta ƙara wani abu. A can dole malamin aji ya cika awa 150 ta ƙaro ilimi cikin kowace shekara biyar kafin a sabunta masa takardar shaidar koyarwa, malaman kiɗa kuma suna da babban taronsu a San Antoniyo kowane Fabrairu. Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke auna badujala. Alƙalai uku ke saurare, kowanne ya ba da maki daga 1 zuwa 5, ya kuma bayyana dalilinsa dalla-dalla. Makaranta goma na iya samun maki na ɗaya a rana guda, tun da ba da juna ake gwada su ba, da mizani ake gwada su. Tun a shekarun 1930 Amurkawa suka fara barin tsarin na ɗaya, na biyu, na uku. A Tekzas ɗin, bayan alƙalai sun gama saurare, sai a shigar da yara wani ɗaki a raba musu rubutun kiɗan da ba su taɓa gani ba, a ba malami 'yan mintuna ya yi bayani, a ce bisimilla. A nan ake gane malamin da ya koyar da karatun kiɗa da wanda ya sa yara hadda kawai.

Mu kuwa fa? A gama fareti, a kira na ɗaya ya karɓi kofi, sauran makarantu ashirin su koma gida ba wanda ya san abin da ya kayar da shi. Baɗi ya dawo da kuskuren bana. Da za a ba kowane alƙali takarda ɗaya ya rubuta layi biyar, a miƙa wa malami, da mun samu makaranta kyauta.

Bari in sauko kan abin da malami ya kamata ya sani, don kada a ce labarin ƙasar wasu kawai na kawo. Wata rana na tarar da wani ɗan uwanmu yana ta faɗa da yara, wai mai turamfet da mai saksofon sun ƙi haɗa murya. Ya rubuta musu do, re, mi iri ɗaya a allo, kowa na busa abin da aka rubuta, amma sauti na karo. Yaran ba su da laifi. Do ɗin turamfet daban, do ɗin ƙaramin saksofon daban, haka aka ƙera su, sai an sauya wa ɗaya rubutu kafin su daidaita. Bayanin minti goma ne, amma wanda ba a gaya masa ba zai shekara yana zargin yara da taurin kai. Haka batun kula da kaya. Maɓallan turamfet suna da mansu na musamman, siriri kamar ruwa. Aka zuba musu man gyaɗa ko baƙin mai, sun daskare ke nan. Hunturu yana busar da fatun da ke toshe ramukan saksofon, yana tsaga kilarinet na itace, yana ɗaure fatar ganga har ta fashe, damina kuma ta saki ta. Bakin abin busa da yara biyar ke karɓa-karɓa a kai, a wanke shi da sabulu, saboda mura da ciwon baki. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su san hunturu ba, wannan ilimi a tsakaninmu yake.

Ga wani abu da nake so ku riƙe. Yaronmu ya tashi yana ganin mai algaita a ƙofar fada yana kumbura kumatu, don haka da ka miƙa masa turamfet sai ya kumbura nasa. A turamfet ana so kumatu su tsaya, leɓe ya yi aiki. Amma kada ku ce wa yaro mai algaita bai iya ba. Yana kumburawa ne don ya tara iska a baki, ya shaƙi wata ta hanci, sautin bai yanke ba. Gwaninta ce da mabusan duniya ke shan wahala kafin su samu. Sarkin Busa na garinku malami ne, ku je ku gaishe shi, ku roƙe shi ya zo ya nuna wa yara yadda ake tattalin numfashi. Masu kalangu da kotso kuma sun san yadda ake sa ganga magana, abin da babu shi a littafin fareti.

Na ce zan faɗi inda Amurkawa suka yi tuntuɓe. Jami'ar baƙaƙen fata ta Florida A&M tana da badujalar da ta yi suna a duniya. William Foster ya gina ta daga 1946, yana aiki yana karatu har ya kai digirin dakta, a 1989 kuma aka gayyace ta faretin cikar juyin juya halin Faransa shekara 200 a Paris. Amma a Nuwamban 2011, shekaru bayan ya bar aiki, ɗaya daga cikin ɗaliban da ke jan fareti ya rasu sakamakon dukan da 'yan uwansa suka yi masa a cikin bas da sunan al'adar ƙungiya. Aka dakatar da badujalar, ba ta dawo fili ba sai 2013. Ina kawo wannan ne don mun san abin da manyan ɗalibai ke yi wa ƙanana a bayan aji idan malami ya ba su sanda ya tafi shan inuwa. Yaron da ke tsoron bulala ba ya iya sakin numfashi, leɓensa ma rawa yake yi. Sanin yadda za a riƙe amanar 'ya'yan mutane yana cikin horon malami, daidai da sanin do, re, mi. A tashi atisaye kafin magariba, a tsaya idan an kira salla, a tanadi ruwan sha, a sallami 'yan mata da sauran rana. Iyayen da ke ɗari-ɗari da kiɗa, kuma suna da hujjarsu, sukan saki jiki idan suka ga tsari da ladabi.

Ina za mu samu masu koya mana? Jami'ar Najeriya ta Nsukka tana da sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960, ga makarantar kiɗa ta MUSON a Legas, ga wasu kwalejojin ilimi. Wanda Allah ya hore wa, ya je. Amma barikin soja da na 'yan sanda suna kusa da mu, kuma akwai shugabannin badujala a cikinsu da suka yi karatun abin sosai. Kuskurenmu shi ne muna kiransu su horar da yara na mako biyu. A kira su su horar da mu, Asabar ɗaya a wata, shekara guda cur. Yaro zai gama ya tafi, malami yana nan. Iyayenmu shugabannin makarantu, abin da muke roƙo a wajenku kuɗin mota ne da izinin fita, da kuma awa biyu a jadawalin mako wadda ba za a ƙwace ba idan jarrabawa ta matso.

Akwai kuma wanda ba ya cin ko sisi. Kowa a nan yana da waya. Ka jingina ta a taga ka naɗi atisayenka, da dare ka saurara. Ranar da na fara yin haka na gano cewa a cikin minti arba'in, surutuna ya cinye fiye da rabi, yara na tsaye da kaya a hannu. Na kuma ji wani yaro a layin baya da ke busa daidai tsaf, wanda ban taɓa lura da shi ba. Idan ka saurara, ka tura wa ɗan uwanka na wata makaranta, ka ce ya gaya maka gaskiya.

Shugaba ya nuna mini agogo. Ga turamfet biyu da ƙaramin saksofon a kan teburin can, da kwalbar man maɓalli. Bayan sallar azahar za mu rabu gida huɗu, kowa sai ya kwance maɓalli ya mayar da hannunsa, sannan mu gwada wancan do ɗin da na ce yana karo, ku ji da kunnenku. Takarda tana zagayawa, kowa ya rubuta makarantarsa da Asabar ɗin da ta fi masa sauƙi. Malama a layi na uku, na ga hannunki tun ɗazu, bisimilla.