Carbin da ke wuyan jarumin fim ɗin Indiya

Jama'a, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya, ko a gidan silima a da, ko yanzu a waya da fassarar Hausa, ya sha ganin wani carbi mai ruwan ƙasa, 'ya'yansa da kaushi kamar ƙwallon magarya, rataye a wuyan jarumi ko naɗe a damtsen wani tsoho mai gemu. Mu dai ado muke ɗaukarsa. Ɗan Indiya kuwa, kafin mutumin ya buɗe baki, carbin ya riga ya faɗa masa ko wane ne.

Sunansa rudraksha. Ƙwallon 'ya'yan wata bishiya ce da ke fitowa a Nepal da gindin duwatsun Himalaya da kuma Indonesiya. Ɗan itacen idan ya nuna shuɗi ne, sai an ɓare an wanke sannan ƙwallon ta bayyana. Mabiya addinin Hindu sun yi imani cewa daga hawayen Shiva bishiyar ta tsiro, shi kuwa yana cikin manyan abubuwan bautarsu. Don haka in ka ga rudraksha a wuya, ga layuka 3 na toka a kwance a goshi, to mai bin Shiva ne.

Masu bin Vishnu da Krishna, waɗanda su ma abubuwan bautar Hindu ne, nasu carbin daban. Daga itacen tulsi, wani tsiro dangin ɗoɗɗoya, ake sassaƙa shi, 'ya'yansa ƙanana masu santsi, yakan zauna daf da maƙogwaro, alamar goshinsu kuma a tsaye take.

Cikakken carbi 'ya'ya 108 ne, sai ƙarin ɗaya a kai wadda ba a ƙirgawa. Idan mai ja ya iso gare ta, ba ya tsallake ta, juya carbin yake yi ya koma baya. Da babban yatsa da na tsakiya ake ja, manuniya ba ta taɓawa. Ku lura da hannun ɗan wasa a irin wannan fitowa, za ku gane wanda ya saba da abin tun a gida da wanda aka miƙa masa a wurin ɗaukar fim.

To yaya aka yi carbi ya samu wannan matsayi a fim? Tun farko da labaran addini masana'antar ta buɗe ido. A 1913 Dadasaheb Phalke ya fitar da Raja Harishchandra, wanda ake lissafawa a matsayin cikakken fim na farko a Indiya. Babu sauti a lokacin. Tufafi da alamar goshi da abin wuya su ne bakin ɗan wasa. Sauti ya zo a 1931, amma ɗabi'ar ta zauna.

Inda abin ya fi armashi shi ne wajen bos. Masu shirya fim sun san mai kallo yana girmama carbin nan, sai su rataya shi a wuyan azzalumi: baki na addu'a, yatsa na jan carbi, ido na ba yara umarnin kisa. Ba sai an ce maka munafuki ne ba. A ganina nan ne suka fi iya amfani da shi.

Wani lokacin kuma su kan wuce gona da iri. A 2004 an yi fim sukutum mai suna Rudraksh, da Sanjay Dutt a ciki, inda ƙwallo guda ta zama matattarar ƙarfin tsafi da kowa ke nema. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Amma tunanin da ke bayansa yana nan a kasuwar gaske. Kowace ƙwallo tana da tsaga-tsaga da suke kira fuska. Mai fuska 5 ita ce gama-gari, ana samunta da araha a shagunan Haridwar da Rishikesh, garuruwan ziyarar ibada na Hindu a arewacin Indiya. Mai fuska ɗaya kuwa da wuya a same ta, tsadarta ta sa 'yan damfara ke sassaƙa ta jabu su sayar wa masu ziyara.