Hanya ta Biyu Zuwa Rauta: Saita Modem na Layin Tarho

Malama: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Injiniya da Auta. Yau maganar modem za mu yi, na'urar da ke aika bayanan kwamfuta ta layin waya, irin wanda ake jona wa layin wayar girke, da yadda ake haɗa shi da rauta, wato na'urar da ke rarraba zirga-zirgar bayanai a netwok, don a iya shiga cikinta daga nesa. Auta, na ga kana da magana tun kafin mu zauna.

Auta: Ina da ita, Malama. Ni abin da aka koya mini shi ne SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa a ba ta umarni. In buɗe kwamfuta, in shiga rauta ko tana ina. To me modem zai ƙara mini?

Injiniya: SSH ɗin ta ina take bi kafin ta isa rautar?

Auta: Ta netwok.

Injiniya: Netwok ɗin da ita rautar ke riƙe da shi. Ka ɗauka tana wani reshe mai nisa, babu ma'aikacin fasaha a wurin. Ka rubuta dokar tace zirga-zirga, layi ɗaya ya karkace, ta toshe har da kai. Rautar tana nan a kunne lafiya lau, amma hanyar da za ka bi ka gyara ita ce ka datse. Ya zama mabuɗi na biyu yana cikin ɗakin da aka kulle.

Malama: Kuma ba ƙananan wurare kaɗai abin ke samu ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida. A bayanin da kamfanin ya fitar da kansa, ya ce hanyar shiga ta yau da kullum da ta ko-ta-kwana duk sun faɗi, sai da aka tura injiniyoyi cibiyoyin bayanai da ƙafarsu.

Injiniya: Shi ya sa nake son layin tarho. Ba ruwansa da IP, ba ruwansa da BGP, wato ƙa'idojin da intanet ke tafiya a kansu. Tsohon layin jan ƙarfe ma wutarsa daga ofishin tarho take zuwa, kai dai ka tabbatar modem da rautar suna kan batir.

Auta: To na yarda. A bayan rautar Cisco akwai kafa biyu masu kama da juna, konsol da AUX. Wacce zan soka wa?

Injiniya: AUX, in dai akwai ta. Nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin nan ake yin ɓarna ba a sani ba. Tsakanin modem da rauta ba rubutu kawai ke wucewa ba, akwai sigina. Idan kira ya haɗu, modem yana ɗaga wata sigina mai suna DCD, yana gaya wa rauta akwai mutum a layi. Idan kiran ya yanke, ya sauke ta. Ita kuma rauta tana da DTR, in ta sauke ta, modem ya ajiye waya. Kafar AUX tana jin wannan yaren. Konsol a yawancin waɗannan rautocin ba ta ji.

Malama: Ka faɗa masa abin da hakan ke jawowa.

Injiniya: Ka kira ta konsol, ka sa kalmar sirri, ka shiga matakin mai cikakken iko. Layi ya yanke kafin ka fita. Rautar ba ta san ka tafi ba, zamanka yana nan a buɗe. Duk wanda ya buga lambar bayanka, kai tsaye zai faɗa inda ka tsaya, ba a tambaye shi komai ba.

Auta: Subhanallahi. To me ya sa wasu ke sa wa konsol ɗin?

Malama: Suna da hujjarsu. Konsol ce ke nuna saƙonnin tashi, kuma ita ce ke aiki idan rauta ta maƙale a ROMMON, wato matakin farko na tashi, manhajarta ba ta hau ba. A wannan halin AUX ba ta da amfani. Wanda ya zaɓi konsol, dole ya gajarta exec-timeout sosai, wato lokacin da rauta ke jira kafin ta rufe zaman da aka bari shiru, ya san kuma ramin bai rufe duka ba.

Injiniya: Ni dai ra'ayina, AUX ɗin. Kebul kuma shi ne mai faɗin nan da wayoyinsa suka juya daga kai zuwa kai, wanda ake kira rollover, sai adafta daga RJ-45 zuwa DB-25 namiji. Ta Cisco an rubuta MODEM a jikinta. Akwai wata mai kama da ita ta tasha, wato ta jona kwamfuta, in ka ɗauki waccan za ka wuni kana neman matsala a saiti alhali a waya take.

Auta: Na jona. Sai me zan rubuta a rauta?

Injiniya: Ka shiga line aux 0. Ka sa modem InOut, wato layin ya karɓi kira, kai ma ka iya magana da modem ta cikinsa. Sai speed, wato gudu. Tsofaffin rautocin Cisco samfurin 2500 iyakarsu 38400, su 2600 suna kai 115200. Sai flowcontrol hardware, stopbits 1, transport input telnet, login local, da exec-timeout na 'yan mintuna. Shi ke nan ɓangaren rauta.

Malama: Yanzu saura modem, kuma abin da ke burge ɗalibaina shi ne ba sai ka cire shi ka kai kwamfuta ba.

Injiniya: Ƙwarai. Ka buga show line ka ga lambar layin AUX, ka ƙara mata 2000. A 2500 mara ƙarin layuka AUX layi na 1 ne, saboda haka 2001. A 2600 layi na 65 ne, 2065 ke nan. Ka yi telnet, wata hanyar shiga ce irin SSH, zuwa adireshin rautar kanta a wannan lambar, sai ka tsinci kanka kana magana da modem. Ka rubuta AT. In ya amsa OK, kebul da gudu sun yi daidai.

Auta: Wannan AT ɗin na kowane modem ne?

Malama: Tushensa ɗaya, daga Smartmodem na kamfanin Hayes a 1981, sauran suka bi. Amma kowane kamfani ya yi ƙari, don haka littafin modem ɗinka ya zama yana kusa.

Injiniya: Ka fara da AT&F, ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Sai ATS0=1, ya ɗaga da kansa a ƙara ta farko. AT&C1, DCD ta riƙa faɗin gaskiya, kada ta zauna a ɗage kullum. AT&D2, ya ajiye waya in rauta ta sauke DTR. Waɗannan biyun su ne abin da muka tattauna ɗazu. In ka tsallake su, ka mayar da AUX tamkar konsol.

Auta: Gudu fa? Na taɓa ganin allo ya cika da haruffa marasa ma'ana.

Injiniya: Gudu ne bai daidaita ba. Akwai gudu biyu: na layin tarho, wanda ke hawa da sauka gwargwadon kyan layi, da na kebul tsakanin modem da rauta, wanda dole a kafe shi. A modem na US Robotics AT&B1 ke kafe shi, sai &H1 da &R2 don daidaita kwararar bayanai. Modem da yawa na wasu kamfanoni &K3 suke amfani da shi wajen kwararar. Sannan na ƙarshe, ka rufe masa baki: ATE0 ya daina maimaita abin da aka aiko masa, ATQ1 ya daina faɗin RING da CONNECT.

Auta: Me zai ɓata in ya faɗa?

Injiniya: Rauta za ta ɗauka mutum ne ke rubuta suna. Ta ce ba daidai ba, ta sake tambaya, modem ya maimaita mata tambayarta, ta sake ɗauka amsa ce. Haka za su yi ta yi, layin ya kasance a cike babu kowa. Ka sa waɗannan biyun a ƙarshe, tare da &W da ke adana saitin, domin daga nan ba za ka ƙara ganin OK ba. Sai ka danna Ctrl, Shift da 6 tare, ka saki ka danna x, ka rubuta disconnect. Wanda ya manta wannan ya bar layin a riƙe, kira ba zai shigo ba.

Malama: Akwai kuma umarnin modem autoconfigure, rauta ta riƙa tura saitin da kanta. Yana taimakawa in modem ɗin yana cikin jerin da ta sani.

Auta: Kuma gudun 56k zan samu?

Malama: A'a. Tsarin V.90 na 1998, mai ba da 56k, yana buƙatar ɓangare ɗaya ya kasance dijital. Modem da modem a layi na gama-gari iyakarsu 33,600 a tsarin V.34. Amma rubutu kake turawa, ko 9600 ta wadatar. Abin lura shi ne layin kansa. In muryar ta intanet take bi, ana matse ta da tsarin matse murya irin G.729, modem ba ya jurewa, kuma ka koma dogaro da netwok ɗin da kake gudu. A Birtaniya ma an tsayar da Janairun 2027 don rufe tsohon tsarin tarho. Inda layin ya ƙare, na'urar konsol mai layin salula ce ke maye gurbi.

Injiniya: Tsaro kuma kada a yi wasa. Lambar nan ba ta bi ta garkuwar netwok ba, kuma an daɗe da manhajojin da ke buga lambobi bi da bi suna neman inda modem zai amsa. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa mai ƙarfi. In kana amfani da TACACS, wato sabar da ke tantance suna da kalmar sirri ta netwok, ka bar asusu na cikin rauta a matsayin madadin, domin ranar da kake buƙatar modem, sabar ba za ta samu ba.

Auta: Ta yaya zan tabbatar komai ya zauna kafin in bar wurin?

Injiniya: Ka kashe modem ka kunna, don ka ga saitin ya adanu. Ka kira daga wani layi, ka shiga. Kada ka fita, ka zare wayar tarho daga naka ɓangaren. Ka jira kaɗan ka sake kira. In ta nemi suna da kalmar sirri, aiki ya yi. In ta mayar da kai inda ka tsaya, ka koma kan &C1 da kebul. Ka sa wannan gwajin cikin jadawalin duba kayan aiki, tunda layin da ba a amfani da shi yana iya mutuwa ba wanda ya lura.

Malama: Mun gode, Injiniya. Auta, sai ka gwada ka kawo mana sakamako. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.