Darasi: Gashin Ƙashi Bayan Tiyatar Sauya Gwiwa

Masu saurare, barkanmu da warhaka. Darasin yau na waɗanda aka yi wa tiyatar sauya gwiwa ne da masu jinyarsu. Mai jinya, matso kusa, don rabin aikin a hannunka yake.

A tiyatar nan, likita yana yanke kan ƙashin cinya da na ƙwauri inda suka goge, ya lulluɓe su da ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani. Kayan suna da ƙarko. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25. Inda wahalar take shi ne naman da ke kewaye. Yayin da yake warkewa yana yin tabo a ciki, tabon nan kuwa kamar ɗanyen siminti yake: a makonni shida na farko za ka iya sarrafa shi, in ka bari ya bushe, sai yadda ya ga dama. Shi ya sa ake tayar da mutum ya taka ƙafa a ranar tiyata ko washegari.

Mu fara da motsi mafi sauƙi. Kana kwance, ka ja yatsun ƙafa zuwa gare ka, ka tura su gaba, sau 10 zuwa 20, duk bayan awa ɗaya in kana farke. Wannan yana tura jini, yana rage haɗarin ya daskare a jijiya.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Kowa tambayarsa ita ce, yaushe zan lanƙwasa gwiwata? Ni kuwa tambayata ta farko, tana miƙewa sarai? Gwiwar da ta warke a ɗan tanƙware, ko da kaɗan ne, mai ita zai riƙa ɗingishi, cinya ta gaji da wuri, baya ya ɗauki ciwo. Kuma gyaranta daga baya ya fi wuya. Saboda haka, don Allah, kada a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa. Na san akwai daɗi, na san mai jinya tausayi ne ya sa shi, amma wannan tausayin cutarwa ne. A sa matashin ko naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin diddige, gwiwar ta zama ba ta jingina da komai, nauyinta ya ja ta ƙasa. Minti biyar, a ƙara zuwa goma. A haka kuma sai ka ɗaure tsokar cinya, ka danna bayan gwiwa ƙasa, ka ƙirga biyar, ka saki. Sau 10. In tsokar ta ƙi amsawa a kwanakin farko, kada ka karaya, kumburi ne ya kashe mata ƙarfi, za ta farfaɗo.

Sai lanƙwasawa. Ka jawo diddige a kan katifa zuwa ɗuwawu a hankali, ka tsaya inda ka ji ja, ka ƙirga biyar, ka mayar. Ana so a kai digiri 90 wajen mako biyu, wato kamar zaman kujera, sannan 110 zuwa 120 cikin wata uku. Idan gwiwar ta ƙage ta ƙi gaba, likita kan sa mutum barci ya lanƙwasa ta da hannu, kuma hakan ya fi amfani kafin wata uku su wuce. To kada a ɓoye, a faɗa da wuri.

Zafi fa? Akwai shi. Ka sha maganin da aka rubuta maka kamar rabin awa kafin motsa jiki. Bayan ka gama, ka ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinka tudu, ka ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15 zuwa 20. Jin ja da ɗan raɗaɗi ba laifi. Amma in washegari gwiwar ta fi jiya kumbura, ka yi yawa ke nan, sai ka sassauta, ba ka daina ba.

Sanda a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa ake riƙe ta. Wajen hawa matakala lafiyayyar ce gaba, wajen sauka kuma mai ciwon. Ɗan ƙas-ƙas da za ka ji a gwiwar, da rashin jin taɓi a fatar gefen ɗinki, duk an saba gani. Kumburi kan ɗauki watanni, cikakkiyar warkewa kuwa har shekara.

Amma idan sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya rufe ka, a kira likita a ranar. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa, wannan asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Allah Ya ƙara sauƙi, sai mun haɗu a darasi na gaba.