Tumbuɗi Ne Ko Jikinsa Ne Bai Karɓi Madara Ba?

Kin gama ba shi nono, kin ɗora shi a kafaɗa, sai kika ji ɗumi yana gangarowa ta bayan rigarki. Karo na huɗu ke nan tun asuba. Kakarsa ta leƙo ta ce, "Rabu da shi, tumbuɗi ne, ƙiba zai yi." To, maijego, yau kan wannan za mu tsaya, domin sau da yawa Hajiya tana da gaskiya, amma ba kullum ba.

Mu fara da abin da ke faruwa a ciki. A ƙarshen bututun da ke kai abinci tumbi akwai wata tsoka mai kama da bakin zuge, tana buɗewa nono ya wuce, sannan ta tsuke. A jikin jariri ba ta gama ƙwari ba. Ga tumbin ɗan mitsitsi, ranar haihuwa bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Ga abincin duk ruwa, ga shi kuma yini yake a kwance. Ina nono zai tsaya? Aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna wannan tumbuɗi. Yakan fara kafin sati 8, ya yi tsanani wajen wata 4, kuma 9 cikin 10 sun daina kafin su shekara. Idan yana tumbuɗi yana wasansa, yana jiƙa kunzugu kamar sau 6 a rana, nauyinsa na hawa a katin awo, wahalar ta wanki ce kawai.

Abin yi ba shi da yawa. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Ki tsaya ya yi gyatsa. Bayan ya sha, ki riƙe shi a miƙe a ƙirjinki minti 20 zuwa 30, kada a yi ta cilla shi sama ana masa wasa, kada a ɗaure masa ciki tamau. Wajen barci kuwa, rigingine za a kwantar da shi a shimfiɗa mai tauri, ba matashi. Na san tsoron iyaye mata shi ne kada ya shaƙe, amma kwanciyar rub da ciki ita ce ta fi haɗari, ita aka danganta da mutuwar fuju'a a cikin barci.

Yanzu ga inda maganar take canzawa. Wani jaririn ba tumbuɗi kaɗai yake ba. Yana gantsarewa yana tsala kuka, ya kama nono ya saki, kumatunsa sun yi kaushi da ƙuraje masu ƙaiƙayi, ki buɗe kunzugu ki ga majina, wani lokaci har da zaren jini a kashinsa. Nan likita zai fara tunanin ko garkuwar jikinsa ce take faɗa da furotin, wato sinadarin gina jiki, na madarar shanu. Abin ya fi samun masu shan madarar gwangwani, wadda galibi daga madarar shanu ake yin ta, amma mai shan nonon uwa zalla ma yana iya samu, domin ɗan abin da kika ci yana bi ta nono. Wani alamun kan fito cikin awa 2, wani sai bayan kwana 2 ko 3, shi ya sa ganewar take da wuya.

Don Allah a nan kada a ce nononki ya lalace. Kada a tatsa a jefa tururuwa a ciki don gwaji, kada a koma jiƙe-jiƙe, ko ruwa, ko zuma. Zuma ma ba a ba yaron da bai shekara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya nono zalla ta ce har wata 6, kuma wannan matsala ba ta soke hakan ba.

Yadda ake tabbatarwa shi ne a cire, sannan a mayar. Da shawarar likita, za ki bar duk abin da ya fito daga madarar shanu na sati 2 zuwa 4: fura da nono, kindirmo, yogot, cuku, man shanun da ake zuba wa tuwo, madarar shayin safe, har biskit da alawar madara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga maijegon da kowa ke ɗura wa abinci, kuma likita zai iya haɗa ki da ƙwayar kalsiyam, sinadarin ƙarfafa ƙashi da ake samu a madara. Idan yaro ya samu sauƙi, sai ki koma sha. Alamun suka dawo, an gano bakin zaren. Ba su dawo ba, kin huta da ƙaurace wa fura a banza. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki na biyu, kuma kuskure ne.

Mai shan gwangwani akwai madara ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta. Tana da tsada, ba a kowane kanti ake samu ba. Amma kada tsadar ta sa a koma nonon akuya, furotin ɗinsu kusan ɗaya ne da na saniya. Madarar waken suya ma ba a so kafin wata 6. Yawancin yaran nan suna warwarewa kafin su isa shiga makaranta.

Akwai kuma abubuwan da ba a kwana da su a gida. Amai kore shar, ko mai jini. Amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane sha, musamman tsakanin sati 2 zuwa 8, domin yana iya zama mafitar tumbi ce ta tsuke, kuma tiyata ce maganinta. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga ɗan ƙasa da wata 3. Maɗiga ta faɗa ko ta kumbura, fitsari ya ragu, leɓe ko fuska sun kumbura, numfashi na sarƙewa. Kin ga ɗaya daga cikinsu, ki goya shi, ki ɗauki katin awonsa, ko da tsakar dare ne a tashi maigida ku tafi asibiti.