Wankan jego da ciwon zuciya: ƙwarya ta biyu da aka manta

[Hoto: asuba, tukunya a kan murhu, tururi yana tashi]

Assalamu alaikum jama'a. Tun makon jiya wani saƙon murya yake yawo a WhatsApp, daga zauren 'yan uwa zuwa zauren matan Islamiyya. Mai maganar ya ce likitoci sun tabbatar, a nan Zariya ma, cewa wankan jego da kunun kanwa su ne ke lalata zuciyar masu jego. Mutum huɗu suka turo min shi, har da gwaggona, wadda ta haɗa da nata saƙon: "To ɗan nan, ni da na yi wankan nan sau tara, ya aka yi nake nan daram?"

Ku riƙe tambayar Gwaggo da kyau. Ita ce tambayar da masu bincike suke yi, sai dai su suna yin ta da takarda da lissafi.

[Hoto: zanen zuciya tana bugawa, sannan ta buɗe, bugun ya yi rauni]

Cutar kanta gaskiya ce. A watan ƙarshe na ciki, ko a watannin farko bayan haihuwa, tsokar zuciyar wasu mata takan saki, ta kasa harba jini yadda ya kamata. Sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Mace ta riƙa haki, ta kumbura, ta kasa kwanciya sai a jingine.

[Hoto: tsohon ginin asibiti a Tudun Wada, sannan ƙofar asibitin koyarwa na Shika]

Maganar Zariya ma ba ƙage ba ce. A shekarun 1970, tun asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Tudun Wada, Farfesa Eldryd Parry da Dokta Davidson sun bi diddigin mata 224 masu wannan ciwo. Sun ƙiyasta cewa a cikin matan Hausawa na Zariya, kusan haihuwa 1 cikin 100 tana zuwa da shi, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. Da suka duba rayuwar matan, sai suka ga wanka da ruwan zafi safe da yamma har arba'in, ga kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, ga kunun kanwa kwano bayan kwano. Kanwa kuwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, mai sa jiki ya riƙe ruwa. Zafi yana ƙara wa zuciya aiki, ruwa yana ƙara mata kaya. Zato ne mai ma'ana, kuma ni ina girmama aikin nan ƙwarai. Su ne suka sa duniyar likitanci ta san cewa matanmu suna fama da wannan ciwo.

Amma daga zato mai ma'ana zuwa "an tabbatar" akwai tafiya, kuma a tsakiyar tafiyar nan ne mai saƙon muryar ya yanke hanya.

[Hoto: tabarma, ƙwarya ɗaya cike da wake]

Ku dubi wannan ƙwarya. Misali ne kawai nake bugawa, lambobin nawa ne. A ce ƙwayar wake 100 ne, kowace ƙwaya mace ce da aka kwantar a asibiti da ciwon zuciya bayan haihuwa. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya: kin yi wankan jego? Sai 90 suka ce sun yi.

Casa'in cikin ɗari! Wanda ya ji wannan zai dafe kai ya ce shi ke nan, an kama ɓarawo.

Ku dakata. Duk matan nan sun ci tuwo. Duk sun shafa kwalli. Duk an raɗa wa jariransu suna ranar bakwai. Me ya sa ba mu ce tuwo ne ya kawo ciwon ba? Saboda mun san masu lafiyar ma suna cin tuwo. Wato ba tare da mun lura ba, a kan maganar tuwo mun leƙa wata ƙwarya.

[Hoto: hannu ya ajiye ƙwarya ta biyu kusa da ta farko]

Ga ta nan. Wannan ita ce ƙwaryar su Gwaggo: mata 100 da suka haihu a gari ɗaya, a lokaci ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya, amma zuciyarsu lafiya lau. Su ma sai a yi musu tambayar nan, da kalmomi iri ɗaya. Kin yi wankan jego?

Idan 20 ne kawai suka ce sun yi, to lallai akwai magana. Casa'in a can, ashirin a nan, wankan ya shiga sahun waɗanda ake tuhuma.

Idan kuwa 88 suka ce sun yi fa? To 90 ɗin farko ba ta gaya mana komai game da ciwon ba. Abin da ta gaya mana shi ne a garin nan kusan kowace mai jego tana wanka, abin da kowace ungozoma ta riga ta sani.

[Hoto: ƙwaryar biyu gefe da gefe, kamara ta tsaya a kansu]

Zan ɗan tsaya a nan, don nan ne ake zamewa. Asibiti wuri ne da ƙwarya ta farko kaɗai take zuwa. Likita yana zaune, marasa lafiya ne ke shigowa. Matar da ta yi wankanta ta gama arba'in lafiya tana can Ƙofar Doka tana daka, ba ta da dalilin zuwa ta ce, "Likita, na zo in shaida maka ban kamu da komai ba." Sai mai bincike ya tashi takanas ya neme ta. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, amma in babu shi, lissafin rabinsa ne a hannu.

Akwai kuma wani tarko. Ko da an ga bambanci tsakanin ƙwaryar biyu, sai a tambaya ko wani abu ne daban yake laɓe a bayan wankan. A ce matan da suka fi tsananta wanka su ne na ƙauyuka masu nisa da asibiti, waɗanda ba su samu awon ciki ba, ba a taɓa auna jininsu ba, abinci ma bai wadace su ba. Sai wankan ya ɗauki laifin rashin awo da yunwa, kamar yaron da aka gani kusa da fasasshen tulu.

[Hoto: taswirar Najeriya, ɗigo-ɗigo na asibitoci suna bayyana]

Shekaru kusan arba'in bayan aikin Zariya, likitocin zuciya na Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero a Kano, suka yi wani babban bincike mai suna PEACE a asibitoci da dama na ƙasar nan. Suka tattara mata 406 masu ciwon, suka kwatanta su da mata 99 masu jego waɗanda ba su da shi. An buga sakamakon a 2020. Yankinmu na Arewa maso Yamma ne ya zo kan gaba, inda adadin ya kai har haihuwa 1 cikin 96. Amma da aka jera ƙwaryar biyu aka tace lissafi, al'adun jego ba su fito a matsayin abin da ya raba su ba. Abubuwan da suka fito su ne hawan jinin masu ciki, irin wanda kan kai ga jijjiga, da rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a.

Wannan sakamako ya taɓa ni. Muna ta jayayya a kan tukunyar ruwan zafi, alhali akwai matan da har suka haihu ba wanda ya ɗaura musu na'urar awon jini a hannu ko sau ɗaya.

[Hoto: kunun kanwa ana zubawa a kwano]

To Gwaggo, na san kina murmushi, amma ki bari in ƙarasa. Mata 99 ba su da yawa, kuma bincike ɗaya ba ya rufe ƙofa. Sannan tambayar da aka amsa ita ce ko al'adun nan ne ke haddasa ciwon. Matar da zuciyarta ta riga ta yi rauni, ko mai hawan jini, maganarta daban ce: kanwa da gishiri suna ƙara mata ruwa a jiki, kuma likita zai hana ta su. Ruwan da ya tafasa yana ƙona fata, wannan ba ya buƙatar bincike.

[Hoto: tasha, mota da lasifika a kanta, daga nesa]

Irin wannan lissafin rabi shi ne jarin mai tallar maganin hanta. Zai ce mutum ɗari masu shawara sun sha sun warke. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa. Sai dai baligin da ya kamu da sabuwar cutar hanta nau'in B, fiye da 9 cikin 10 jikinsu ne yake kawar da ita da kansa. Ina ɗarin da ba su sha ba?

[Hoto: hannu yana jan takarda daga cikin hula]

Mataki mafi ƙarfi shi ne a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, da yardarsu, a ba gida ɗaya magani, a bar ɗayan a kan kulawar da aka saba. Ƙuri'a ba ta san mai kuɗi ko talaka ba, don haka talauci da nisan asibiti sukan rabu daidai a gidajen biyu. Su Farfesa Karaye sun yi irin wannan da seleniyam, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, bayan an gano yana ƙaranci a jinin yawancin masu ciwon zuciyar nan da aka auna a Kano. Mata 100 ne, kuma waɗanda aka bai wa sun fi samun sauƙin alamomi. Gwaji ne ƙarami na share fage, don Allah kada kowa ya ruga kemis.

[Hoto: mai jego zaune a bakin gado, filo uku a bayanta]

Maigida, Inna, uwar miji, ku ne kuke kusa da ita. Idan mai jego tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko ba ta iya kwanciya a miƙe sai an tara mata filo, ko tana farkawa cikin dare tana neman iska, ko tari ya ƙi ƙarewa, ko kumburin ƙafa yana hawa maimakon ya sauka, kada a ce jego ne, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata wuta. A kai ta asibiti ranar, ba sai an yi arba'in ba. Za a auna jininta, a yi mata hoton zuciya. Akwai magungunan da ke janye ruwan su tallafi zuciyar, kuma mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa. Kafin ta sake ɗaukar wani ciki kuma, a koma a sake hoton, domin cikin da ya samu zuciya ba ta gama murmurewa ba yana da haɗari sosai.

[Hoto: ma'aikaciyar lafiya tana ɗaura wa mai ciki na'urar awon jini, allura tana hawa]