Darasi: Yadda manhajar katunan karatu za ta san ranar bita

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Manhajarmu ta katunan karatu tana aiki, ta nuna tambaya, ka danna ka ga amsa. Matsalarta ɗaya: kati duk kati ne a wajenta. Wanda ka haddace tun bara da wanda ka gani jiya, kullum sai ta jero maka su gaba ɗaya. Yau za mu koya mata zaɓar ranar da kowane kati zai dawo.

Tsarin da za mu ɗauka sunansa SM-2. Piotr Woźniak ne ya rubuta shi a ƙasar Poland a 1987 saboda manhajarsa SuperMemo, kuma a kansa Anki, wata sananniyar manhajar katunan karatu, ta fara ginuwa. Duk wanda ya yi hadda ya san abin: sabon shafi yana son tilawa gobe-gobe, wanda ya zauna kuwa ana iya jinkirta masa.

To, ku duba allo. A teburin katunan zan ƙara gurbi huɗu. Akwai tazara, wato kwanakin da kati zai jira. Akwai jere, sau nawa aka ci shi ba faɗuwa. Sai sauƙi, wato lambar da ke nuna yadda kati yake da sauƙin tunawa, wanda ke farawa daga 2.5. Na ƙarshe ranar bita.

Bayan mai karatu ya ga amsa, zai ba kansa maki daga 0 zuwa 5. In makin bai kai 3 ba, ya faɗi ke nan, jere ya koma sifili, katin ya dawo gobe. In ya kai 3, cin farko tazara kwana 1, ci na biyu kwana 6, daga nan sai a riƙa ninka tsohuwar tazara da sauƙi. Mu gwada: 6 sau 2.5 ya ba mu 15, sai 37.5 mu cike shi 38, sai 95. Kun gani? Bita biyar kacal, kati ya tafi hutun wata uku.

Shi kansa sauƙin yana motsi. Maki 5 yana ƙara masa 0.1, maki 4 ya bar shi yadda yake, maki 3 ya rage 0.14. Amma ku sa wannan layin da nake rubutawa yanzu, kada ya sauka ƙasa da 1.3. Idan babu shi, kati mai wuya zai maƙale wa mutum kullum har ya tsani manhajar.

Lissafin ke nan, bai kai layi ashirin ba. Inda nake so ku natsu shi ne nan gaba, don a nan ake yin ɓarna.

Yaushe “yau” take ƙarewa? Ɗalibi yana bita ƙarfe goma sha biyu saura na dare, agogo ya buga, sai ga katunan gobe sun zubo masa alhali bai ko kwanta ba. Shi ya sa Anki take fara sabuwar rana da ƙarfe 4 na asuba. Mu ma haka za mu yi, kuma da agogon garin mai karatu, ba na sabar (kwamfutar da ke ɗauke da manhajar a intanet) ba. Wanda ya yi sati bai buɗe manhajar ba kuma, sabuwar tazararsa ta fara ƙirguwa daga ranar da ya yi bitar, ba daga ranar da ta wuce shi ba.

Sannan don Allah, ku buɗe tebur na biyu na tarihin bita: wane kati, wace rana, wane maki, wace tazara. Na san za a ce SM-2 ba ya buƙatarsa. Gaskiya ne. Amma a 2023 Anki ta shigo da sabon tsari, FSRS, wanda ke koyon yanayin mantuwar mutum daga irin wannan tarihin. Ran da kuka so komawa kansa, abin da ba ku ajiye ba ya tafi, kuma wahalar mai karatu ce ta wata da watanni.

Yanzu tambayar da za mu aika wa rumbun bayanai: kawo katunan da ranar bitarsu ta yi ko ta wuce, mafi daɗewa a gaba. Bari in danna. Yawwa, kati uku suka fito maimakon duka. Ku tsayar da bidiyon, ku sauya ranar kwamfutarku zuwa mako mai zuwa, ku ga waɗanda za su fito.