Baki Ya Karkace? Ku Ajiye Cingam Ɗin Nan Tukuna

Jama'ar Aboabo, Asawase da Sabon Zango a Kumasi, salamu alaikum. Tun da saƙon nan ya fara yawo a WhatsApp, wai wanda bakinsa ya karkace ya yi ta taunar cingam dare da rana, tambayoyi ba su bar wayata ta huta ba. To ga amsa.

 Abin da ke motsa fuska ita ce jijiyar fuska, ta 7 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Tana bi ta wata siririyar hanya a cikin ƙashin kunne, in ta kumbura a nan sai ta matse, ɓarin fuska ya saki. Wani likitan Sikotland, Charles Bell, ya bayyana aikinta a 1821. Mu kuma a zango mukan ce aljani ne ya mari mutum, ko a ɗora wa fanka laifi.

Abin gaggawa da farko. A ce wa mutum ya ɗaga gira. Idan goshi ya tattare duka ɓangarori biyu amma baki ya zube, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta rikice, ana tsoron shanyewar ɓarin jiki, a kira lambar gaggawa ta Ghana, 112. Idan ɓarin goshi ma ya ƙi motsi, galibi jijiyar ce. Ko wanne ne, a tafi asibiti ranar, don maganin rage kumburin ya fi aiki cikin awa 72 na farko. Idon da ba ya rufuwa kuwa a riƙa ɗiga masa ruwan magani, a manne fatarsa da filasta lokacin barci.

Yanzu ga inda ake tafka kuskure. Ga Baba, dattijon da ke fama da wannan lalura, a gaban madubi. Bakin ya ja dama, ko? Hagu ne ba lafiya. Ɓangare mai ƙarfi ne ke janye marar ƙarfi. Sai ka ga an zauna ana ta mulmula man zafi a kuncin da lafiyarsa ƙalau.

Cingam kuma? Tsokar da ke motsa muƙamuƙi wajen tauna tana ƙarƙashin jijiya ta 5 ne, ba ta 7 ba. Wato maƙwabci ne ke kwance, kai kuma ka kai wa mai lafiya ƙoƙon magani. Kuma tsoka ba ta motsi sai saƙo ya iso mata. Mu da muka sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, mun san in babu wuta, ko ka danna makunni sau ɗari ɗakin na nan da duhunsa. Idan jijiyar ta lalace sosai, tohowarta kusan milimita 1 ce a rana. Ba a yi mata gaggawa.

Akwai abin da ya fi damuna. Wani lokaci jijiya kan toho ta ɓata hanya, reshen baki ya nufi ido. Mutum ya yi murmushi ido ya tsuke, ko ya sa loma hawaye ya zubo. Shi ya sa masu gyaran magana da masu gashin ƙashi ba sa son a yi ta yamutsa fuska da ƙarfin tsiya, kada a saba mata motsa komai a dunƙule.

Ku ga yadda malamar gyaran magana ke yi da Baba. Ya zauna, madubi a gabansa. Murmushi ɗan kaɗan, baki a rufe, a hankali. Da zarar dama ta fara rinjaya, ko ido ya fara tsukewa, ya tsaya, ya saki, ya sake. 'Yan mintoci ne, sau da dama a yini. Na san abin ba shi da armashi, ni kaina da na fara gani cewa na yi wannan ai wasa ne.

Sai furuci. Sautukan da ke buƙatar leɓe su ne ke wahala: b, ɓ, m, f, w. Iska na tserewa ta gefe, "fura" ta fito kamar ana hura wuta. Ku lura da yatsanta, tana ɗan tallafe gefen leɓen yayin da yake cewa "Baba, Mama, buta". Wajen shan koko ma haka, kurɓi kaɗan-kaɗan. Ƙosai kan maƙale tsakanin kunci da dasashi, don haka a kurkure baki bayan kowane ci.

Yawancin masu wannan lalura, kusan 7 cikin 10, kan warke sarai, kuma sauƙi kan fara bayyana cikin makonni 3. Wanda ya ga ƙuraje a kunne, ko aka shafe wata 3 ba motsi, ya koma wurin likita, ya nemi a tura shi Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye.

To Baba, bismillah, a sake faɗin "buta" sau ɗaya. A hankali dai, ranka ya daɗe.